Me Ya Hana Barbushe Shiga Littafin Hikaya?

Tun daga watan Mayun 2019, lokacin da gwamnatin Ganduje ta yanki Bichi da Rano da Gaya da Ƙaraye daga masarautar Kano, har zuwa Mayun 2024 da gwamnatin Abba Kabir Yusuf ta soke wannan doka, sunan Bagauda, sarkin Kano na farko, bai huta a bakin jama'a ba. A majalisun Bichi da Dambatta da Dawakin Tofa, kowane ɓangare yana kafa hujja da shekarar 999 da aka ce ya hau mulki da sarautar shekara dubu. Abin da ya kamata ya dami mai son adabi shi ne, wannan tsohon labari da ake ja-in-ja a kansa a rediyo da kotu bai samu wani fitaccen littafin hikaya da ya ɗauke shi ya raya shi ba. Marubutan Hausa sun fi shekara tamanin suna rubuta aljanu da takubban tsafi da biranen da babu su, amma da wuya ka ga sun taka dutsen Dala.

Kayan kuwa suna nan jibge. Littafin Tarihin Kano, wanda aka harhaɗa da Larabci a ƙarshen ƙarni na 19, H. R. Palmer ya fassara shi da Turanci a 1908, ya buɗe ne da Barbushe, ƙaton mutumin da ke kashe giwa da sanda ya ɗauko ta a ka. Shi kaɗai ke shiga katangar da ta kewaye itaciyar Tsumburbura, abin bautarsu, mutane na kawo baƙaƙen awaki da baƙaƙen karnuka da baƙaƙen kaji, ya fito ya faɗa musu abin da shekara za ta zo da shi, har da baƙon da zai zo ya mallake su. Cikin manyan mutanensa akwai Gambarjado da ke zaune a Fanisau, nan arewa da birni. Can gaba, a zamanin Sarki Tsamiya, barde Bajeri ya kutsa cikin katangar ya tarar da wani ya jingina da itaciyar riƙe da jan maciji, ya soke shi, abin ya gudu har Dankwai ya faɗa ruwa ya ɓace. Sai kuma Dirki, wanda aka naɗe da fatu ana yi masa yanka, har Sarki Alwali ya sa aka fasa shi aka tarar da Alƙur'ani a ciki, aka ce masa za a fitar da shi daga garin kamar yadda ya fitar da Alƙur'anin. Jihadi ya zo, aka fitar da shi ɗin.

Wasu al'ummu da kayan da ba su fi wannan ba suka gina rumbun adabi guda. A yankin Wales na Birtaniya akwai tsofaffin labarai da ake kira Mabinogion, da suka tsira a kundaye biyu na ƙarni na 14. Charlotte Guest ta fara fitar da fassararsu da Turanci a 1838. Evangeline Walton, Ba'amurkiya, ta mayar da wani reshensu littafin hikaya a 1936, Lloyd Alexander ya gina littattafan Prydain guda biyar a kansu tsakanin 1964 da 1968, Alan Garner kuma ya dawo da labarin macen da aka ƙera da furanni cikin rayuwar matasan zamani a 1967. Kowannensu ya canza abin da ya ga dama.

Mu tamu hanyar ta ɗauki wani saiti tun daga gasar da Rupert East ya shirya a Zariya a 1933. Abubakar Imam ya ɗauki sunan Ruwan Bagaja daga tatsuniyar gida, amma ƙashin bayan yawon Alhaji Imam da Malam Zurƙe daga littattafan Larabci ya zo, musamman Maƙamatul Hariri. Ganɗoki na Bello Kagara ya fi bayyana lamarin. Muddin jarumin yana ƙasar Hausa, tare da Nagwamatse na Kwantagora da yaƙin Turawa, labarin yana bin sawun abin da ya faru. Da marubucin ya buƙaci abin al'ajabi, sai ya tura shi gabas, can ya haɗu da aljanu. Magana Jari Ce, da ya fito daga 1937, ya ɗebo daga Dare Dubu da Ɗaya da labaran Indiya da na Jamus. Iliya Ɗan Maiƙarfi na Ahmadu Ingawa jarumin Rasha ne, Ilya Muromets, aka sa masa rawani, birnin Kiev ya zama Kib. Littattafan yaƙi irin na Abdulaziz Sani Madakin Gini, da matasa suka yi ta haya suna karantawa, sun gaji wannan taswira: birane masu sunayen Larabci, matsafa da sarakuna a wata duniya mai nisa da rafin Jakara na Kano.

Bayanin da aka fi ji shi ne addini: wai Musulmi ba zai zauna yana raya labarin masu bautar itace ba. Wannan hujja tana da ɗan ƙamshin gaskiya, amma ba ta ɗaukar nauyin da ake ɗora mata. Littattafan yaƙin nan cike suke da bokaye da gumaka da masu yi musu sujada, kuma ba su ne suka fi shan suka ba. Lokacin da aka ƙona littattafai a Kano a 2007, na soyayya aka sa a gaba. Wanda ya adana mana labarin Tsumburbura ma malami ne Musulmi da ya rubuta shi da harshen Alƙur'ani, kamar yadda Kiristoci ne suka kwafi labaran Wales. Wasu kuma East suke ɗora wa laifin, cewa shi ya miƙa wa Imam littattafan ƙetare. Ya miƙa ɗin, amma ofishinsa ne kuma ya buga Labarun Hausawa da Maƙwabtansu a farkon shekarun 1930, inda Tarihin Kano ya fito da Hausar boko. Marubutan farko sun san Barbushe sarai.

Amsar, a ganina, tana cikin wannan littafin na ƙarshe. Barbushe da Bagauda sun iso hannun mai karatu da sunan tarihi, a cikin jerin sarakuna, kowa da shekarunsa a gefe. Ita kanta 999 ɗin lissafi ne da aka yi ta hanyar tara shekarun mulkin sarakuna ana komawa baya, amma da ta shiga littafin makaranta sai ta zama abin haddacewa don jarrabawa. Bahaushe kuwa ya raba tatsuniya da tarihi da katanga mai kauri. Tatsuniya ƙarya ce da kowa ya yarda ƙarya ce, ba ta da mai ita, shi ya sa aka mayar da Daskin da Riɗi fim ba wanda ya ɗaga murya. Tarihi yana da magada. Akwai gidajen da rawaninsu ya dogara da wane ya riga wane zuwa, akwai garuruwan da ke auna girmansu da ambaton da aka yi musu a wannan kundi. Sarautar 'yan asalin Wales ta ƙare tun 1283, don haka Walton ba ta taka ƙafar kowa ba. Marubucin Kano da zai sa wa Bagauda tsoro ko ha'inci a zuciya, gobe zai haɗu da wanda zai ce an ci zarafin kakansa.

Akwai kuma abin da ya fi sarauta kusa da jiki. A gonakin arewacin Kano, inda ba a barin ko taki ɗaya na ƙasa ba shuka, za ka ga kunyoyin gero da gyaɗa sun miƙe sun zo gindin wata tsohuwar kuka ko tsamiya, sai garma ta karkata ta kewaye ta. Manomin yana salla biyar, amma ba zai sa mata gatari ba, ba zai bar yaro ya je gindinta da tsakar rana ba. Joseph Greenberg, da ya zauna da Maguzawan ƙasar Kano a ƙarshen shekarun 1930, ya tarar da iskoki da birninsu Jangare a matsayin abin da ake rayuwa da shi yau da gobe. Aljanin Bagadaza nishaɗi ne ga mai karatu. Na gindin kukar gonar baba maƙwabci ne, kuma ba a wasa da sunan maƙwabci irin wannan.

Mai ja da wannan magana zai ce to ai hakan ya fi, a bar tarihi ga masana, kada masu ƙirƙira su gurɓata shi. Ina ganin an riga an yi asara ta wannan hanyar. Tarihin Kano daga fada yake kallon duniya. Mutanen karkara suna shigowa cikinsa ne a ranar da aka ci su da yaƙi ko aka karɓi harajinsu, daga nan shiru. Babu kundin da zai gaya mana abin da matar da ta kai baƙar akuyarta Dala ta ji a ranar da aka rushe katangar, ko yadda mutanen Gambarjado suka kwana da labarin ya iso Fanisau, ko muhawarar da aka yi a gida ɗaya tsakanin uba mai riƙe da tsafin kakanni da ɗansa da ya bi Wangarawa salla a zamanin Sarki Yaji. Masanin tarihi ba shi da izinin cike wannan giɓi, domin ba shi da takarda. Mai hikaya yana da izinin, kuma wanda ya tashi a Bichi ko Ɓagwai ko Minjibir, yana jin yadda tsofaffi ke sassauta murya idan an zo kan wata itaciya, shi ya fi kowa sanin yadda waɗancan mutane za su yi magana.