Rangwamen Haraji da Cinikin Gida a Ƙasar Ingila

Kowane magidanci ya san bambancin gidan haya da gidan kansa. Mai zaman haya ko ƙusa zai kafa a bango sai ya tuna da mai gida, in wata ya kusa mutuwa kuwa sai gabansa ya riƙa faɗuwa. Turawan Ingila ma haka suke. A shekarar 1918, cikin kowane gida 100 na Ingila da Wales, wajen 23 kaɗai ne masu su ke zaune a ciki, sauran duk haya ne. Kafin shekarar 2001 adadin ya kai 69. Labarin da za mu bayar nan shi ne na hanyar da suka bi, da yadda Gwamnatinsu ta shiga taimakon masu sayen gida ta wajen rage musu haraji, da abin da taimakon nan ya jawo wanda ba shi aka nufa ba.

Asalin abin daga talakawa ya fito, ba daga Gwamnati ba. A shekarar 1775, a birnin Birmingham, akwai wani mai masauki ana ce da shi Richard Ketley. A masaukinsa waɗansu ma'aikata suka haɗu suka yi shawara, kowa ya riƙa zuba wani abu duk wata a asusu ɗaya. In kuɗi ya taru ya isa gina gida guda, sai a jefa ƙuri'a, wanda ta faɗa kansa a gina masa. Amma samun gida bai ɗauke masa zubi ba, zai ci gaba da biya har na ƙarshensu ya shiga nasa. Sa'an nan a watse jam'iyyar, gama aikinta ya ƙare. Mai karatu zai ce ai wannan adashi ne. To, adashin ne kuwa, sai dai kwasarsa gida ce.

Aibin wannan tsari a fili yake. Wanda ƙuri'a ta bari a baya zai shekara goma ko fi yana zubi yana kuma biyan haya. Saboda haka daga wajen shekarar 1845 aka fara kafa jam'iyyu na dindindin, waɗanda ba a watsewa. Su waɗannan sukan karɓi ajiya daga kowa, ko da wanda ba ya neman gida, su ba shi 'yar riba, sa'an nan su ranta wa masu son saye, gidan ya zama jingina har a gama biya. Wadda ta fi suna a cikinsu ita ce ta garin Halifax, an kafa ta a 1853. Irin wannan jam'iyya ce aka kawo Ikko a 1956, wadda a 1977 aka mai da ita bankin Gwamnatin Tarayya na ba da rancen gida.

Ya kamata mu dakata a kan sharuɗɗan jam'iyyun nan, don a nan hikimar take. A shekarun 1960 da 1970, mutum ba ya shiga ofishinsu yau ya fito da kuɗi gobe. Sai ya daɗe yana ajiya a wurinsu, sun ga kamun ludayinsa. Sai ya kawo wani kashi na kuɗin gidan daga aljihunsa. Ba sa ranta masa fiye da albashinsa na shekara biyu da rabi ko uku. Sukan aika da gwaninsu ya duba ginin, ya faɗi abin da ya cancanta a saye shi, lauya kuma ya bincika takardu ya tabbatar mai sayarwa shi ke da gidan, ba kuwa wani bashi a kansa. Mutane da yawa sun yi ƙorafi, suna cewa jam'iyyun sun cika tsanani da jan rai. Amma a zamanin nan da wuya ka ji an fitar da mutum daga gida don ya kasa biya.

To, ina haraji ya shigo? Tun a 1799 aka fara karɓar harajin samu a Ingila, watau wanda ake yanka wa mutum gwargwadon abin da ya samu a shekara. A 1803 aka kasa samu kashi kashi, kashi na farko kuwa shi ne abin da ƙasa da gine-gine ke kawowa. Hukuma ta ɗauki gida kamar gona. Wanda ya ba da gidansa haya ya sami amfani, sai ya biya haraji. Wanda ya zauna cikin nasa, shi ma a ganinsu ya sami amfani, tun da kuɗin hayar da zai biya wani ya tsaya a aljihunsa. Sai a ƙiyasta abin da gidan zai kawo da haya aka ba da shi, a yanka masa haraji a kai. Amma da yake manomi yakan fitar da kuɗin iri da na ƙwadago kafin ya san ribarsa, haka shi ma mai gida, in da rance ya saya, aka yarda ya cire ruwan da yake biya kafin a yi masa lissafi. Abu biyun nan tare suke tafiya, ɗaya na riƙe da ɗaya.

A shekarar 1963 Gwamnati ta soke harajin zama a gidan kai, don masu gidaje sun yi yawa, kuma ba su son sa ko kaɗan. Amma cire ruwan rance sai aka bar shi yadda yake. Daga ran nan abin da dā lissafi ne ya koma kyauta. Mai haya yana biyan hayarsa daga kuɗin da aka riga aka cire wa haraji, ba wanda ya rage masa ko anini, maƙwabcinsa mai rance kuwa Baitulmali na ɗauke masa wani kashi na kayansa. Har wa yau, wanda ya fi samu shi ya fi morewa, gama harajinsa ya fi nauyi, rancensa kuma ya fi girma. A 1974 aka sa iyaka, aka ce rangwamen ba zai wuce ruwan fam 25,000 na farko ba, kuma sai a kan gidan da mutum ke zaune ciki. Iyakar nan ba ta taɓa kowa ba sai attajirai, don a lokacin ta ninka kuɗin gida matsakaici fiye da sau biyu.

A 1983, zamanin mulkin Margaret Thatcher, aka ɗaga iyakar zuwa fam 30,000, aka kuma sauƙaƙe hanyar karɓa. Maimakon mutum ya biya duka sa'an nan ya bi ofishin haraji, sai mai ba da rance ya rage masa tun daga tushe, shi kuma ya karɓi cikon daga Gwamnati. Sunan tsarin da Turanci dogo ne, suka gajarta shi suna cewa MIRAS. Ga misali don a gane. A ce mutum ya ranci fam 30,000, ruwansa 12 bisa 100, watau fam 3,600 a shekara. In haraji 25 ne bisa 100, Gwamnati ta ɗauke masa fam 900, shi ya biya 2,700.

A ido wannan alheri ne tsantsa. Amma masana tattalin arziki sun daɗe suna nuna inda gizo ke saƙa. In an ƙara wa mutum ɗaya kuɗi ya shiga kasuwa, ya fi sauran ƙarfi. In kuwa duk masu saye aka ƙara wa, kayan kuma ba su ƙaru ba, ai farashi ne kawai zai hau. Duk wanda ya taɓa zuwa kasuwar raguna ana jibi Sallah, bayan an biya ma'aikata albashi, ya ga wannan da idonsa. Gida ma ya fi rago wuyar ƙaruwa, musamman a kudancin Ingila inda fili ke da wuya, izinin gini kuma ba ya samuwa da sauƙi. Saboda haka babban rabon rangwamen yakan zarce hannun mai sayarwa, mai saye kuwa ya tashi da bashi mafi nauyi.

Abin da ya faru a 1988 shi ya fito da maganar fili. A dokar lokacin, iyakar fam 30,000 ta mutum ce, ba ta gida ba, amma miji da mata ana lissafa su mutum guda. Watau abokai biyu, ko namiji da mace da ba su yi aure ba, in sun haɗa kai sun sayi gida ɗaya, sukan sami rangwame a kan fam 60,000, ma'aurata kuwa rabin wannan. Mutane suka riƙa cewa an sa wa aure haraji. A watan Maris, Ministan Kuɗi Nigel Lawson ya ba da sanarwa a Majalisa cewa za a gyara, iyakar ta koma kan gida. Gyaran daidai ne. Kuskuren shi ne da ya ce sabuwar dokar ba za ta fara aiki ba sai ran 1 ga Agusta, wanda ya riga ya saya kafin nan kuma zai ci gaba da morar tsohon tsari.

Wata huɗu da 'yan kwanaki ke nan aka ba mutane. Sai kasuwa ta rikice. Samari da 'yan mata da ba su shirya ba suka yi ta neman abokin haɗin gwiwa, waɗansu ma ba su daɗe da sanin juna ba, don kada ƙofa ta rufe. Masu sayarwa suka ga haka suka ƙara kuɗi, aka yi ta saye ba ciniki. A lokacin kuwa tsofaffin sharuɗɗan nan sun yi laushi, gama an buɗe wa bankuna kasuwar, ana ta gasar ba da rance, har akwai masu ranta wa mutum kuɗin gida gaba ɗaya bai kawo ko kwabo ba.

Agusta na wucewa sai kasuwa ta fara sanyi. Tsadar kaya ta tashi, Gwamnati ta shiga ɗaga ruwan kuɗi don ta danne ta. Ruwan da ke bakwai da rabi bisa 100 a watan Mayu na 1988 ya kai 15 a watan Oktoba na 1989. Galibin rancen gida a Ingila kuwa a wancan lokaci ruwansa ba tsayayye ba ne, yana hawa yana sauka tare da na babban banki. Wanda ya yi lissafinsa bisa 'yan ɗaruruwan fam da rangwame zai ba shi, sai ga ƙarin ruwa ya cinye su ya kuma nemi ƙari. Kuɗin gidaje ya faɗi, aikin yi ya yi wuya. A shekarar 1991 kaɗai, gidaje fiye da 75,000 masu ba da rance suka ƙwace. Waɗansu iyalai kuma, wajen miliyan ɗaya ko fi, suka iske bashin da ke kansu ya fi kuɗin gidan, ko sun sayar ba za su fita ba. Abokan da suka haɗa kai don haraji, da yawansu sun ɓata, ga shi kuwa ba halin rabuwa.

Ba za a ce rangwamen ne kaɗai ya jawo wannan ba, amma ya zuba wa wutar mai. A wajen 1990 abin da yake ci wa Baitulmali ya wuce fam miliyan 7,000 a shekara. Soke shi dare ɗaya zai tayar da hankalin miliyoyin masu jefa ƙuri'a, saboda haka aka bi shi sannu. Iyakar fam 30,000 ba a sake ɗaga ta ba. A 1991 aka hana manyan masu samu cin kashi mafi girma. A 1994 aka mai da rangwamen 20 bisa 100, a 1995 ya koma 15, a 1998 ya koma 10. A watan Afrilu na 2000 Ministan Kuɗi Gordon Brown ya soke shi. Da yake ruwan kuɗi ya sauka ƙwarai a lokacin, mutane ba su ji zafin ba sosai, cinikin gida kuma bai tsaya ba.

Akwai wani haraji dabam da mai sayen gida ke biya a Ingila, na kan sarki, wanda asalinsa tun 1694 ne, ana biyansa in dukiya ta sauya hannu. Wannan ya taɓa Musulmin ƙasar ta wata fuska. Mai gudun riba yakan nemi banki ya sayi gidan, sa'an nan ya sayar masa da ƙayyadaddiyar riba yana biya kaɗan kaɗan. Da yake ciniki biyu aka yi, sai harajin ya hau sau biyu. A 2003 aka gyara doka aka mai da shi sau ɗaya. Wannan gyara bai ba kowa kyauta ba, daidaita mutane kawai ya yi.

Amma son yi wa masu saye kyauta bai fita ran 'yan siyasa ba. A watan Nuwamba na 2017 aka yafe wa masu sayen gidansu na fari harajin kan sarki a kan fam 300,000 na farko. A ranar da aka ba da sanarwar, ofishin da Gwamnati da kanta ta kafa don duba lissafin kasafinta ya fitar da nasa bayani. Ya ce yafewar za ta ɗan ƙara wa gidaje tsada, waɗanda za su fi cin moriyarta kuwa su ne waɗanda suka riga suka mallaki gida.