Alƙalin Gado a Ƙauyukan Amurka

Kowace al'umma tana da hanyar da take bi wajen raba dukiyar mamaci. A ƙasarmu alƙali ne ke raba gado bisa ga shari'a, kowane magaji kuwa da rabonsa sananne. A Amurka mutum yana da iko ya rubuta wasiyya ya bar yawancin dukiyarsa ga wanda ya so. Saboda haka suka kafa kotu musamman wadda za ta tabbatar wasiyyar gaskiya ce, ta sa a biya bashin mamaci, ta kuma naɗa mai riƙon marayu.

Asalin wannan al'ada daga Ingila ta fito. Shekaru aru-aru maganar wasiyya a can tana hannun kotunan majami'a, ƙarƙashin manyan limaman Kirista. Sai cikin 1857 Majalisar Ingila ta karɓe aikin ta ba kotun gwamnati. Haka kuma tsarin raba ƙasa gunduma-gunduma, abin da suke kira kaunti, daga can ya ƙetare teku. Cikin 1634 aka raba ƙasar Birjiniya gunduma 8. Gundumar nan ita ce hukumar da ta fi kusa da talaka, kamar yadda En'e take a wurinmu kafin 1976.

To, bari mu ɗauki jihar Jojiya, a kudancin Amurka, don misali. Tana da gunduma 159. Ana cewa an ƙanƙanta su ne don manomi ya iya zuwa babban garin gunduma bisa alfadarinsa, ya gama abin da ya kai shi, ya komo gida a yini guda. Cikin 1851 aka shirya kowace gunduma ta zaɓi mutum ɗaya ya riƙe kotun gado. Suka kira shi Odinare, sunan da aka gada daga alƙalan majami'a na Ingila.

Daga 1868 aikinsa ya ƙaru ƙwarai, don an ɗora masa sha'anin mulkin gunduma. Shi ke duba hanyoyi da gadoji, shi ke yanka harajin gunduma, shi ke lura da gajiyayyu, shi ke ba da takardar aure. Ka ga ke nan mutum ɗaya ya haɗa aikin alƙali da na hakimi. Sannu a hankali aka riƙa kafa majalisun gunduma, suka karɓe maganar hanya da kuɗi. Cikin 1974 aka sake sunan, aka koma kiransa alƙalin kotun gado. Har yanzu jama'a ke zaɓensa shekara huɗu-huɗu, kuma a ƙananan gundumomi ba lalle ne ya zama lauya ba.

Littattafan kotunan nan sun adana labarai masu ban tausayi. Kafin a hana bauta cikin 1865, idan mai gona ya mutu akan rubuta sunayen bayinsa da kuɗin kowannensu tare da shanu da kayan ɗaki. Sa'an nan a raba su ga magada ko a sayar don biyan bashi, uwa ta yi gabas, ɗa ya yi yamma. Yau jikokinsu a cikin littattafan nan suke neman asalinsu.

Bayan samun 'yanci baƙar fata suka yi ta fama har suka sayi gonaki. Wajen 1910 suna da eka kimanin miliyan 15, galibi a kudu. Amma da yawansu sun mutu ba su bar wasiyya ba, magadansu kuma ba su kai maganar gaban alƙali ba, wasu don rashin kuɗin lauya, wasu don ba su amince da kotun da ke hannun farar fata ba. Sai gona ta zauna da sunan mamaci, 'ya'ya da jikoki suka yi tarayya cikinta ba takarda. Nan ɓarna ta shigo. Wani mai wayo sai ya sayi rabon jika ɗaya da ke zaune can birni, ya kai ƙara babbar kotu a raba. Da aka ga gona ba ta rabuwa, sai a yi gwanjonta duka da araha, waɗanda ke nomanta su tashi hannu wofi. Cikin 2010 aka tsara dokar gyara, Jojiya ta karɓe ta cikin 2012. Yanzu sai an kimanta gonar, an kuma fara yi wa dangi tayin sayen rabon.

Mai karatu, dubi abin da rashin takarda guda ya jawo. Wanda Allah ya ba shi ilmin rubutu, ya rubuta iyakar gonarsa da bashin da ke kansa da wanda yake bi, ya sa shaidu, tun yana da rai. Rigakafi ya fi magani.