Kawu Pai da Allolin Indiya a Hannun Yara

A shekarar 1967 wani ma'aikacin kamfanin jarida mai suna Anant Pai ya kalli gasar kacici-kacici ta yara a talabijin ɗin gwamnatin Indiya, Doordarshan. Yaran sun amsa tambayoyi a kan allolin Girkawa tiryan-tiryan, amma da aka tambaye su sunan mahaifiyar Rama, gwarzon labarin Ramayana na ƙasarsu, sai suka yi tsit. Kausalya ce, kuma a da ko yaron ƙauye ya san wannan, domin kakanni mata ne ke ba jikoki labaran Ramayana da Mahabharata da daddare, ga kuma wasannin Ramlila da ake yi a dandali kowace shekara. To, aiki ya kwashe iyaye zuwa birane irin su Bombay, kaka tana can gida, yaro kuma yana makarantar da Turanci ne harshen koyarwa.

Abin ya tsaya wa Pai a rai. Ya haɗa hannu da kamfanin India Book House suka fara fitar da jerin littattafan labari cikin zane mai suna Amar Chitra Katha. Goman farko tatsuniyoyin Turawa ne irin su Cinderella. Na sha ɗaya shi ne Krishna, wanda Ram Waeerkar ya zana, kuma daga kansa ne harkar ta kama hanya. Littattafan sun haura 400, an fassara su cikin harsunan Indiya da dama, yara kuma suka laƙaba wa mai su suna Kawu Pai. Ya rasu a 2011.

Abin da ya fi jan hankalina shi ne gwagwarmayar da ya yi da kansa. Pai ya karanta ilimin sinadarai, saboda haka a bugun farko na Krishna ya yi ta kauce wa nuna abubuwan al'ajabi ƙarara, har da inda Krishna ya ɗaga dutsen Govardhan da ɗan yatsa don ya kare makiyaya daga ruwan sama. Daga baya ya gane cewa masu karatu ba su ɗauki labarin wasa ba, addininsu ne, sai aka sake zanen, dutse ya hau yatsa.

Kamannin allolin ma suna da asali. Masu zanen sun bi sawun mai zane Raja Ravi Varma, wanda ya buɗe maɗaba'a a Bombay a 1894, hotunansa suka shiga gidaje da shaguna. Duk Bahaushen da ya taso da kallon finafinan Indiya ya san wannan siffa: Krishna mai shuɗiyar fata da sarewa, gashin ɗawisu a ka.

A nan ne nake da ƙorafi. Ramayana ba ɗaya ba ce; akwai ta Valmiki, akwai ta Kamban da harshen Tamil, akwai ta Tulsidas, kowace kaka kuma da yadda ta ji daga tata kakar. Littafi ya zaɓi fuska guda ya raba wa kowa. Ya kuma yawaita zana mutanen kirki farare, dodannin asura baƙaƙe, a ƙasar da miliyoyin yaran da ke karanta shi baƙaƙen ne. 'Yan Indiya da kansu sun daɗe suna sukar wannan, kuma ina ganin suna da gaskiya.