Kuranda

Kuranda ƙaramin gari ne da ke cikin kurmi a arewacin jihar Queensland ta ƙasar Ostireliya. Yana bakin kogin Barron, a saman tsaunuka, kimanin kilomita 25 arewa maso yamma da birnin Cairns. Mazaunansa sun kai kimanin mutum 3,000. Garin ya yi suna wajen yawon buɗe ido na yini guda, inda iyalai kan hau jirgin ƙasa daga Cairns da safe, su sauko da yamma ta jirgin igiya na Skyrail, ko kuma su yi akasin haka.

Tarihi

Asalin mazauna yankin su ne al'ummar Djabugay, waɗanda suka shafe dubban shekaru a kurmin kafin zuwan Turawa. Zuwan baƙi da aikin layin dogo sun raba su da yawancin ƙasarsu. Daga shekarar 1913 an riƙa kwashe da yawa daga cikinsu zuwa sansanin mishan na Mona Mona, wanda aka rufe a 1962. A shekarar 2004 kotun tarayya ta amince da haƙƙinsu na gado a kan gandun dajin Barron Gorge.

Layin dogo

Ba don masu yawon buɗe ido aka shimfiɗa layin ba. A daminar 1882 hanyar da ke kai kaya daga gaɓar teku zuwa Herberton ta yanke, har masu haƙar kuza na can suka shiga matsanancin ƙarancin abinci. Wannan ne ya sa aka nemi hanyar jirgi. An fara aiki a 1886, layin ya iso Kuranda a 1891. Da diga da shebur da nakiya lebura suka fasa duwatsun, kuma an rasa rayuka a aikin.

Tsawon layin daga Cairns kilomita 37 ne. Yana ratsa ramuka 15 da aka huda cikin dutse, yana tsallake gadoji 37, yana hawa har tsayin mita 328. Tafiyar kan ɗauki kusan awa biyu. Jirgin yakan bi ta gadar Stoney Creek, dab da inda ruwa ke zubowa daga dutse, sannan ya ɗan tsaya don fasinjoji su kalli mafaɗar ruwan Barron.

Jirgin igiya

An buɗe Skyrail a shekarar 1995. Ƙananan ɗakuna ne masu ɗaukar mutum shida, rataye a igiyar ƙarfe, suna wucewa ta saman itatuwa tsawon kilomita 7.5 tsakanin Smithfield da Kuranda. Akwai tashoshi biyu a tsakani, Red Peak da Barron Falls, inda fasinja ke sauka ya zaga cikin kurmin a kan dakalin katako.

Tun 1988 hukumar UNESCO ta sanya wannan kurmi cikin wuraren tarihi na duniya, saboda haka masu fafutukar kare muhalli sun yi zanga-zangar adawa da aikin. Don kada a sare daji a buɗe hanyar mota, da jirage masu saukar ungulu aka kai ginshiƙan igiyar wurarensu.

Abubuwan gani

A cikin garin akwai kasuwannin sana'ar hannu da suka faro tun 1978, da shagunan zane-zanen 'yan asalin ƙasar. Yara kan fi son gidan malam-buɗe-littafi, da gidan tsuntsaye na Birdworld, da lambun dabbar kowala. A dajin kewaye ana samun kasowari, babban tsuntsu mai kama da jimina wanda ba ya tashi.

Yanayi

Damina kan faɗo daga wajen Disamba zuwa Afrilu. A lokacin ne ruwan Barron ke tumbatsa. Da rani kuwa yakan ragu ƙwarai, domin ana karkatar da wani sashe nasa zuwa tashar samar da wutar lantarki. Ruwan sama mai ƙarfi kan jawo zaftarewar ƙasa, kamar yadda ya faru a Disamban 2023 bayan guguwar Jasper, lokacin da aka dakatar da zirga-zirgar jirgin ƙasan na wani lokaci.