Carrie Buck da Dokar Hana "Dolaye" Haihuwa

A farkon ƙarni na 20, likitoci da 'yan majalisa da dama a Amurka sun yi amanna cewa raunin ƙwaƙwalwa gado ne, kuma macen da ke da shi ba ta iya kame kanta. Saboda haka aka riƙa killace irin waɗannan mata a gidajen gwamnati, nesa da maza. Da ɗawainiyar ta yi nauyi, sai aka koma ga wuƙar likita. Jihar Indiyana ce ta fara kafa dokar hana haihuwa ala tilas a 1907, Bajiniya ta yi tata a 1924.

A kan wata yarinya mai suna Carrie Buck aka gwada dokar Bajiniya. Tana da shekara 17 wani ɗan'uwan uwar riƙonta ya yi mata fyaɗe, ta ɗauki ciki. Maimakon a tuhume shi, sai mariƙanta suka ce doluwa ce marar kamun kai, aka kai ta gidan killacewa da ke kusa da Lynchburg, inda mahaifiyarta Emma take tsare. Jaririyar da ta haifa, Vivian, tana 'yar watanni wata ma'aikaciyar jin ƙai ta dube ta, ta ce da alama ita ma ba daidai take ba.

An kai maganar hana Carrie haihuwa kotu. Lauyan da aka ba ta, Irving Whitehead, tsohon mamba ne a hukumar gudanar da gidan, bai kuma kira shaida ko ɗaya ba. Ranar 2 ga Mayu, 1927, alƙalai takwas cikin tara na Kotun Ƙoli suka amince da dokar. Mai shari'a Oliver Wendell Holmes ya rubuta cewa dolanci daga kaka zuwa jika ya isa haka. A watan Oktoba aka juya wa Carrie mahaifa.

Vivian ta shiga makaranta, har sunanta ya fito cikin jerin ɗalibai masu ƙoƙari kafin ta rasu tana da shekara takwas. Ita kuwa Doris, ƙanwar Carrie, cewa aka yi tiyatar afendis za a yi mata; ta yi aure, ta yi ta neman haihuwa, sai da ta manyanta ta san juya mata mahaifa aka yi.

Sama da mutum 60,000 aka yi wa wannan aiki a Amurka. Gwamnan Bajiniya na lokacin, Mark Warner, ya nemi afuwa a 2002, amma har yau Kotun Ƙoli ba ta soke hukuncin ba.