Amosanin jini: yadda sauyin harafi ɗaya ke ɓata furotin ɗin jini

Amosanin jini, wanda aka fi sani da sikila, ciwo ne na gado da ke tasowa daga kuskure guda a cikin ƙwayar halitta. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ƙiyasta cewa ana haihuwar jarirai kimanin 150,000 da ciwon a Najeriya kowace shekara.

Ƙwayar gado tamkar rubutaccen umarni ce da jiki ke bi wajen ƙera furotin. Da haruffa huɗu ake rubuta ta, wato A da C da G da T, ana kuma karanta su uku-uku, kowane rukuni yana nuna tubali ɗaya. Ƙwayar HBB ce ke ɗauke da umarnin wata sarƙa mai tubala 146 a cikin himogulobin, furotin ɗin da ke dakon iskar oksijin a jini. A wurin mai sikila, GAG da ke gurbi na shida ya koma GTG, sai tubalin balin ya maye gurbin gulutamik asid. Vernon Ingram ne ya tabbatar da wannan musayar tubali a Kambirij ta Ingila a 1957.

Sauyin ƙarami ne, amma balin ba ya jituwa da ruwa. Da zarar oksijin ya ragu, sai ƙwayoyin himogulobin su manne da juna, su zama sanduna masu tauri. Jar ƙwayar jini ta lanƙwashe kamar lauje, ta toshe ƙananan hanyoyin jini, ta kuma mutu cikin kwana 10 zuwa 20 maimakon 120. Nan ne tushen ciwon ƙashi da ƙarancin jini.

A ciwon sistik faiburosis, wanda ya fi kama Turawa, haruffa uku ne sukan ɓace daga ƙwayar CFTR. Furotin ɗin ya rasa tubali na 508, ya naɗe ba daidai ba, jiki ya rushe shi tun bai kai wurin aikinsa ba, majina ta yi kauri a huhu.

Ga mazauna Sabo ta Ibadan akwai abin lura na musamman. A kudu maso yammacin Najeriya an fi samun wani nau'in himogulobin da ake kira C, inda tubalin laisin ya shiga wannan gurbi na shida. Mutane da dama AS da SS kaɗai suka sani, alhali idan mai AS ya auri mai AC, kowane ciki yana da yiwuwar ɗaya cikin huɗu na haifar da ɗa mai SC. Shi ma sikila ne, ko da yake galibi bai kai SS tsanani ba, kuma yakan taɓa ido.

Gwajin jinotaif ne ke bambance waɗannan, ba gwajin rukunin jini na A da B da O ba, wanda sau da yawa ake rikita su. Ana yin sa a Asibitin Koyarwa na Jami'ar Ibadan, da ke kusa da Sabo, da sauran manyan asibitocin ƙasar nan.