Gurasar Azhar: Yadda Baƙon Ɗalibi Ya Rayu a Alƙahira

A shekarun 1240, zamanin da Mai Dunama Dabalemi yake sarautar Kanem, wasu alhazai daga ƙasarsa suka yada zango a Masar a kan hanyarsu ta Makka. Suka haɗa dukiya suka damƙa wa wani alƙali Bamalike mai suna Alamuddin Ibn Rashiƙ, domin ya gina musu makaranta a Fusɗaɗ, tsohon garin da ke kudu da Alƙahira. Ya gina, ya zauna yana karantarwa a ciki, mutanen Kanem kuma suka riƙa aiko da kuɗi kusan kowace shekara. Masanin tarihin Masar, Al-Maƙrizi, shi ya adana wannan labari. Tun a wancan lokaci mutanen yankin Tafkin Chadi sun gane cewa guzurin hanya kaɗai ba ya riƙe mai neman ilimi a ƙasar wasu. Sai an tanadar masa makwanci da abin sawa a baka.

Inda wannan tsari ya kankama sosai shi ne Masallacin Azhar, wanda Jauhar As-Siƙilli ya aza harsashinsa a 970, aka fara salla a cikinsa a 972. Sannu a hankali gefunan masallacin suka zama masaukan ɗalibai, kowane masauki ana ce masa riwaƙ, kuma kowace al'umma da nata. Akwai na Turkawa, na mutanen Sham, na Magaribawa, na Kurdawa, na mutanen Jawa, na Jabartawa daga gaɓar Habasha, da na mutanen Sinnar. Akwai na Dakarna, wato 'yan ƙasashen Tukururu, sai kuma Riwaƙul Barnawiyya, mai ɗauke da sunan Barno. Ɗalibin da ya tare a masallacin ana kiransa mujawiri.

Kafin ya zama mujawiri, sai ya iso tukuna. Mai tasowa daga Kano ko Katsina yakan bi ayari ya ratsa Sahara ta Fezzan, ya bi ta Aujila da Siwa har ya gangaro bakin kogin Nil. Wasu kuma sukan yi gabas ta Wadai da Darfur, su bi hanyar da Larabawa ke kira Darbul Arba'in zuwa Asyut. Tafiya ce ta watanni, wani lokaci ta shekaru, don mutum yakan tsaya ya yi noma ko ɗinki ko rubutun sha ya sami abin ci gaba.

Da isarsa, shehin riwaƙ zai fara gani. Shi ne uban gida, shi ne mai sasanta rigima, shi ne kuma mai tsaya wa 'yan riwaƙinsa a gaban hukuma. Shi zai sa a rubuta sunan baƙo a littafi, kuma shigar suna littafin nan ita ce komai, domin da ita ake samun jiraya.

Jiraya gurasa ce da ake rabawa ɗalibai, kuma ita ce tallafin karatun wancan zamani. Kuɗinta na fitowa ne daga waƙafi: wani sarki ko attajiri ko wata baiwar Allah ya tsayar da gona ko shaguna ko gidan haya, ya rubuta cewa amfaninsu na ɗaliban riwaƙ kaza ne har abada. Saboda haka riwaƙai ba su zama ɗaya ba. Wanda ya yi sa'ar masu waƙafi, kamar na Turkawa da na Magaribawa, yana da gurasa wadatacciya da ɗan kuɗi da ma ɗakin littattafai. Wanda bai samu ba sai haƙuri. Adadin masu karɓa ma ƙayyadadde ne bisa sharaɗin mai waƙafin, don haka sabon zuwa yakan shiga sahun masu jira har sai wani ya koma gida ko ya riga mu gidan gaskiya. Wanda ya daɗe rabonsa ya fi na sabo. Idan ya ci ya rage, sai ya sayar da sauran ya sayi wake dafaffe, ko albasa da gishiri, ko baƙar zumar rake da zai dangwala. Ɗaha Husain, wanda ya shiga Azhar a 1902, ya ba da labarin irin wannan cima a littafinsa Al-Ayyam, shi da yake ɗan ƙasa ne ma, ana aiko masa da guzuri daga ƙauye. Baƙon da ya fito daga Barno ba shi da mai aiko masa.

Dukiyarsa duka tana cikin ɗan kabad na katako da ke jingine da bangon riwaƙ: riga ɗaya ko biyu, tawada da alƙalami, da takardun da ya kwafa da hannunsa. Gado kuwa tabarma ce ko buzu. Da zafi ɗalibai kan baje a farfajiyar masallaci ko a kan soro. Da sanyin hunturun Alƙahira ya shigo sai a cunkusu ciki, kowa ya duƙunƙune a mayafinsa. Aski a bakin ƙofa ake yi, shi ya sa har yau babbar ƙofar Azhar, wadda Abdurrahman Katkhuda ya gina a tsakiyar ƙarni na 18, ake ce mata Babul Muzayyinin, ƙofar wanzamai.

Karatu yana farawa da an sallame Asuba. Babu aji, babu ƙararrawa. Kowane malami yana da ginshiƙinsa, ya zauna a gindinsa, ɗalibai su kewaye shi. Da sassafe ake ɗaukar darussa masu nauyi irin su tafsiri da hadisi da fiƙihu, nahawu kuma ya biyo baya da rana. Ɗalibi shi ke zaɓen malaminsa. In bai gamsu ba ya naɗe buzunsa ya koma wani ginshiƙin. A nan ɗan ƙasar Hausa ba ya jin baƙunta ko kaɗan, domin littattafan da ya baro a zauren malaminsa su ya tarar: Ajurrumiyya, Alfiyyar Ibn Malik, Risala, Mukhtasar Khalil. Malikiyya tana da ƙarfi a Azhar. Muhammad Al-Kharashi, wanda ake lissafawa a matsayin Shehin Azhar na farko, ya rasu a 1690, Bamalike ne mai sharhin Khalil. Haka Ahmad Ad-Dardir, mai Aƙrabul Masalik, wanda ya rasu a 1786.

Baƙuntar tana jiransa ne a kasuwa. Mutumin da ya haddace Alfiyya yakan tsaya gaban mai sayar da albasa ya kasa gane abin da ake ce masa, don Larabcin titi daban yake da na littafi. Ta fi tsanani kuma idan aka tashi dogon hutu gab da azumi. 'Yan ƙasa su ɗaure kayansu su nufi ƙauyukansu, masallaci ya yi fayau, a bar wanda gidansu ke bayan Sahara shi da littafinsa. Da yawa sun shekara goma ko fiye ba su ji ɗuriyar iyayensu ba, sai in ayarin alhazai ya biyo da wasiƙa.

Wasu ba su koma ba sam. Fitacce a cikinsu shi ne Muhammad ɗan Muhammad Al-Fulani Al-Kashnawi, Bakatsinen da ya yi fice a ilimin lissafi da hatimai. Bayan ya yi hajji ya zauna a Alƙahira, ya sauka a gidan Shehu Hasan Al-Jabarti, mahaifin shahararren marubucin tarihin nan Abdurrahman Al-Jabarti, a gidan kuma ya rasu a 1741. Abin lura, su ma Jabartawan asalinsu baƙi ne, kakanninsu sun riƙe shugabancin riwaƙin mutanensu. Baƙon jiya ne ya sauki baƙon yau. Gabas da Azhar akwai maƙabartar da ake kira ta Mujawirai, kuma sunan ya ishi mai tunani.

Zaman bai rasa tashin hankali ba. Al-Maƙrizi ya ce a 1415 mazauna masallacin sun kai 750, sai wani amiri da aka ɗora wa kula da wurin ya kore su, ya fitar da akwatunansu. A Oktoban 1798, bayan boren mutanen Alƙahira, sojojin Faransa suka kutsa Azhar da dawakansu, suka farfasa kabad-kabad na ɗalibai suka kwashe abin da ke ciki. A 1896 kuma kwalara ta kama wani ɗalibi a riwaƙin mutanen Sham, 'yan uwansa suka hana a ɗauke shi zuwa asibiti, rigima ta kaure har aka buɗe wuta, wasu suka rasa rayukansu. Laifi ne hana likita aikinsa a lokacin annoba, amma wanda ya san cewa waɗannan samari ba su da kowa a garin sai junansu zai gane abin da ya tunzura su.

Sauye-sauye sun zo a hankali. A 1872 aka kafa jarrabawar Alimiyya. Kafin nan ijazar malami ce shaidar ɗalibi. A ƙarni na 20 aka daina rabon gurasa aka koma biyan kuɗi. A 1959, zamanin Jamal Abdunnasir, aka buɗe Madinatul Bu'us a unguwar Abbasiyya, rukunin gidajen kwana na ɗalibai baƙi mai ɗakuna da gadaje da ɗakin cin abinci. Dokar 1961 ta mayar da Azhar jami'a ta zamani mai tsangayoyin likitanci da injiniya da noma, aka kuma buɗe ƙofa ga mata.

Yau 'yan Nijeriya da Nijar da Chadi da Ghana suna nan da yawa, kuma kalmomin da suka fi yawo a bakinsu su ne minha da iƙama, wato tallafi da takardar izinin zama. Mai minha yana da gado da abinci da ɗan alawus. Wanda ya zo da kuɗin gida kuwa shi ke haya da abokai, yana lissafin canji duk wata, yana bin layin sabunta takarda. Don haka uban da ake ce wa an samo wa ɗansa gurbi a Masar, kada murna ta hana shi tambaya: akwai minha a rubuce? A ina yaron zai kwana, wa zai ciyar da shi, kuma har tsawon shekara nawa? In ba a ba shi amsa gamsasshiya ba, ya dakata da sayen tikiti.